Zan iya saka tsohon bidiyon NASA a talla?

Tambaya: Barista, mun haɗa tallan wata manhajar waya, muka saka tashin kumbon Apollo 11 da muryar Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka duniyar wata. Mai tace mana bidiyo ya ce kayan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na kowa ne, amma abokin aikina ya ce za a iya maka mu a kotu. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malam, dakatar da tallan tukuna. A dokar Amurka, abin da ma'aikatan gwamnatin tarayya suka samar a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka, kuma yawancin bidiyon NASA na ciki. Iya gaskiyar mai tace maka ke nan.

Wannan "na kowa ne" ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, galibi daga bakin waɗanda suka yi karatun lauya a YouTube. Haƙƙin mallakar bidiyo daban, haƙƙin mutum a kan sunansa da kamanninsa da muryarsa daban. NASA ba ta mallaki Armstrong ba, balle ta ba ka shi kyauta. Shi da kansa ya kai kamfanin Hallmark ƙara a 1994 saboda sun saka sunansa da muryarsa a kayan adon Kirsimeti, sai a wajen kotu aka sasanta. Kada kuma wani ya ce maka ai hular kwano ta rufe fuska. Bruce McCandless, ɗan sama jannatin da ya yi shawagi a sararin samaniya ba igiya a 1984, ɗan mitsitsi ne a hotonsa, ko idonsa ba a gani, amma a 2010 ya yi ƙarar waɗanda suka ɗora hoton a bangon faifan waƙa. Rasuwar Armstrong a 2012 ma ba ta kashe magana ba, domin a wasu jihohin Amurka haƙƙin na komawa ga magada.

Tambarin NASA mai launin shuɗi shi ma yana da dokarsa, kuma hukumar ba ta yarda talla ya nuna kamar ta sa wa hajarka albarka ba.

A ina ma kuka samo bidiyon? In akwai kiɗa ko sharhin gidan talabijin kamar CBS a kai, wannan da mai shi. Ku ɗauko na asali daga rumbun NASA, ku cire muryar da tambarin, ku bar roka da hayaƙinta, sannan lauya ya duba kafin a saki.