Yadda jirgin katako yake jure harbin igwa

Malam, ka tambaya yadda jirgin yaƙi na katako, wanda iska ke turawa, yake shan harbin igwa bai nitse ba. Dubi jirgin HMS Victory na Ingila, wanda aka saka a ruwa a garin Chatham a 1765.

An sare bishiyoyi kusan 6,000 don gina shi, kuma kaurin jikinsa a daidai inda ruwa ke kai masa ya kai ƙafa biyu. Harsashin igwar wancan zamani dunƙulen ƙarfe ne, ba ya fashewa. In ya huda jirgi, kafintoci su toshe ramin nan take, wasu na kwashe ruwa da famfo. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mutanen ciki, domin tsagin katakon da ke tarwatsewa shi ke yi musu mummunan rauni.

Igwa 104 yake ɗauka, yawancinsu a hawa uku. A yaƙin Trafalgar na 1805, inda Birtaniya ta kara da Faransa da Sifen a teku, ya sha wuta sosai, aka kashe Admiral Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya a wannan yaƙi, a cikin jirgin, amma bai nitse ba. Tun 1922 yana ajiye a busasshen wurin gyaran jirage a garin Portsmouth na Ingila, ana zuwa kallonsa.