Tambaya da Amsa: Aikin da ba a tallata ba, ta ina ake jin labarinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da babbar difloma a fannin akanta, yau shekara biyu da gama bautar ƙasa. Duk tallan aikin da na gani a intanet sai na cike, amma ko kiran ganawa ba a taɓa yi mini ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani abokin karatuna ya samu aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, alhali ba a taɓa tallata gurbin ba. Mahaifina tela ne, ba ni da uwa a gindin murhu. Shin wanda bai san kowa ba sai dai ya haƙura ke nan?
Ɗanka, daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya buɗa maka.

Bari in fara gaya maka yadda gurbi ke cika a irin kamfanin da abokinka ya shiga, domin na daɗe ina aiki a ofishin kula da ma'aikata na wata masana'anta a Bompai. Mai kula da sito zai ajiye aiki ranar Alhamis. Ranar Litinin ana sa ran tirelar kaya, dole a samu mai ƙirga ta ya sa hannu. Manaja ba zai buga talla ba, don ya san in ya buga takardu za su cika masa ofis, kuma babu takardar da za ta gaya masa ko mai ita yana da ɗan hali. Sai ya leƙa wurin akanta, ya tare kashiya bayan sallar azahar, tambayarsa ɗaya: "Wa ka sani mai amana, wanda ya iya lissafi?" Kafin la'asar an ba shi suna biyu ko uku. Wanda ya kawo sunan shi ne mai tsayawa. In yaro ya yi ɓarna, fuskarsa za a kalla. Saboda haka ba wanda ke kawo sunan da bai ga aikin mai shi ba.

Ka ga ke nan a kamfanoni masu zaman kansu ba lallai sai ɗan wane ba. Abin da ake nema shi ne wanda wani zai yarda ya sa mutuncinsa a kansa. Ɗan tela na iya zama wannan mutumin.

Ka ce ba ka san kowa ba. Ban yarda ba. Matsalar ita ce kana duban 'yan majalisarku ne, waɗanda kuke shan shayi tare kullum, su kuwa abin da ka ji shi suka ji. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya bi diddigin yadda ma'aikata a wani gari kusa da Boston suka samu ayyukansu, ya fitar da sakamakon a farkon shekarun 1970. Fiye da rabinsu ta bakin mutum suka ji labarin gurbin, kuma akasarin masu ba su labarin ba aminai ba ne, mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. A nan ma haka na gani. Malamin da ya duba maka aikin kammala karatu, shugabanka a inda ka yi aikin koyon sana'a lokacin kana makaranta, wanda kuka yi bautar ƙasa tare ya koma Kaduna, su ne mutanenka. Sannan ga shagon mahaifinka. Gabanin sallah manajoji da 'yan kasuwar Kwari da na Singa nawa ke zama a bencinsa suna jiran ɗinki? Ka taɓa roƙonsa ya gabatar da kai ga ko da ɗaya daga cikinsu?

Inda yawancinku ke ɓata rawarku da tsalle shi ne wajen magana. Saƙo kan shigo mini a WhatsApp: "Slm", sai shiru. In na amsa, sai a ce, "Baba a taimaka mini da aiki, ko wane iri ne." Wallahi ko ina son taimakawa ban san inda zan kai wannan ba. Wanda ya ce ko wane iri, ya ɗora mini nauyin in yi masa tunanin ma. Kai ka ce, "Baba, ni ne ɗan wane tela. Akanta na karanta, na iya Excel, a bautar ƙasa ni na riƙe littafin kuɗin makarantar da aka tura ni. Ina neman aikin sito ko ƙaramin akanta a kamfanin shinkafa ko na roba. Wa kake ganin ya kamata in je in gaisar?" Lura, ba aiki ka roƙe shi ba, suna ka roƙa. Wanda ba shi da aikin bayarwa zai riƙa ɓoye maka in aiki kake nema a wurinsa, amma suna ba ya yi wa kowa nauyi. In ya ce ka je wurin wane, ka je a cikin makon, da takardar tarihin karatunka da aikinka, shafi ɗaya tak. Sannan ka koma ka gaya masa yadda kuka yi, ko an dace ko ba a dace ba. Kaɗan ne ke komawa, shi ya sa ba a manta masu komawar.

Tunda akanta ka karanta, ga wata ƙofa da ba kowa ke lura da ita ba. Ƙananan ofisoshin odita da ke cikin gari suna duba littattafan kamfanoni da yawa, sun san inda akanta ya tafi da inda lissafi ya rikice tun kafin kowa ya ji. Daga Janairu zuwa Yuni aiki kan yi musu yawa, domin kamfanin da shekararsa ke ƙarewa a Disamba yana da wa'adin wata shida ya miƙa lissafinsa ga hukumar haraji. Ka je da ƙafarka ka ce a ɗauke ka na wannan lokacin, ko da kuɗin mota kawai za a riƙa ba ka. Amma ku yanke wa'adi tun farko, kada ka zama bawan da ba albashi. Wata uku kana shiga kamfanoni da faifan takardu a hannu, manajoji na ganin yadda kake ƙirga kaya a sito, ya fi maka tura takarda ɗari ta intanet. Haka kuma ICAN da ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na ƙasa, duk suna da rassa a Kano, suna tarurruka. Ka nemi ɗan ƙungiya ya tafi da kai. Baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa ma wuri ne na ganin kamfanoni a fili guda, in dai ba yawon kallo ya kai ka ba.

Kada ka daina cike tallace-tallacen, bankuna da manyan kamfanoni ta nan suke ɗauka. Aikin gwamnatin tarayya kuwa hukuncinsa daban: ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta ce a tallata gurbi a jaridu kowa ya gani. A 2023 sai da majalisar wakilai ta kafa kwamiti ya binciki sayar da guraben aiki a ma'aikatu da hukumomi, kuma a gaban kwamitin aka ji mutanen da suka biya kuɗi masu yawa suka tashi a tutar babu. Don haka duk wanda ya kira ka ya ce akwai gurbin da ba a tallata ba, amma ka fara turo wani abu asusunsa kafin takarda ta fito, kada ka bari mahaifinka ya sayar da keken ɗinkinsa saboda shi.