Cogen karta da ɗaukar fansa a fim ɗin kaboyi: yaya abin yake da gaske?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli wani tsohon fim ɗin kaboyi inda aka yi wa akta coge a teburin caca, aka kashe ƙaninsa, ya dawo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu alƙali babu ɗan sanda. Kana tambaya ko haka ake rayuwa a yammacin Amurka a wancan zamanin. Cogen gaskiya ne, fansar ma gaskiya ce. Abin da masu fim suka ƙawata shi ne yadda ake yin su.

Ɗauki cacar tukuna. A fim kusan kullum poka ake bugawa, amma wasan da ya cika mashayun garuruwan haƙar zinariya sunansa faro. Ana shimfiɗa hoton karta goma sha uku a kan tebur, kowa ya ɗora kuɗinsa a kan lambar da ya zaɓa. Mai rabo yana zaro karta bibbiyu daga wani ɗan akwatin ƙarfe. Ta farko ta gida ce, wanda ya ɗora a kanta ya faɗi. Ta biyu ta 'yan wasa ce, a biya ka daidai abin da ka zuba. Ribar mai gida a nan ita ce: in kartan biyu suka fito lamba ɗaya, ya kwashe rabin kuɗin da ke kan lambar. Wannan riba ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa babban macucin yawanci shi ne mai rabon, ba baƙon da ya shigo da ƙura a hula ba.

Yadda suke yi: a goge fuskar wasu karta da takarda mai kaushi don su riƙa mannewa biyu-biyu, a samo akwati mai ɓoyayyen maɓalli da ke buɗe baki ya fitar da biyu a matsayin ɗaya. Ko a jera kartar tun kafin a zauna yadda lambobi za su yi ta fitowa tagwaye. A poka kuwa hannu ne ke aiki. Akwai rabo daga ƙasan tari, akwai riƙe ta sama a miƙa ta biyu, akwai saka alama da farce a gefe, akwai zobe mai sheƙi kamar madubi da ke nuna wa mai rabo kowace karta yana miƙa ta. Wasu na aske gefen manyan karta kaɗan yadda yatsa zai gane su ko a duhu. Har na'ura ake ɗaurawa cikin hannun riga, da zare da ya sauka zuwa gwiwa, in mutum ya buɗe ƙafa ta miƙo masa kartar da ya ɓoye. Daga cikin abin da ke tona asiri: rabo daga ƙasa yana da ƙara dabam da na sama, na'ura tana maƙalewa, sai kuma haɗama, mutum ya yi ta ci ba faɗuwa har a sa masa ido. Wanda aka kama, sau da yawa duka ne da ƙwace kuɗi da kora daga gari, ba harbi ba.

Fito-na-fito a tsakiyar titi ya taɓa faruwa, amma da wuya, har ana ƙirga su da yatsu. Wanda aka fi sani shi ne na 21 ga Yuli 1865 a Springfield ta jihar Missouri. Davis Tutt ya ɗauke agogon aljihun Wild Bill Hickok, wani shahararren ɗan bindiga, daga kan teburin karta a matsayin jingina, shi yana cewa dala 35 yake bin sa, Hickok yana cewa 25. Hickok ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya rataya agogon a bainar jama'a, shi kuwa ya rataya. Suka haɗu a dandalin gari, tazarar kusan mita 70, kowa ya harba sau ɗaya. Tutt ya kuskure, harsashin Hickok kuwa ya shige wa Tutt ta haƙarƙari, ya mutu. Lura da abin da fim ke tsallakewa: an kama Hickok, an gurfanar da shi a kotu, masu taya alƙali yanke hukunci ne suka sake shi don a ganinsu faɗan gaba da gaba ne.

Bindigar ma ba ta yarda da abin da kake gani ba. Ƙaramar bindiga ƙirar Colt ta 1873 ramukan harsashi shida gare ta, amma mai hankali biyar yake ɗurawa, ya bar ƙarfen bugun a kan rami maras komai, domin in ta faɗi ƙasa tana iya tashi da kanta. Kowane harbi sai ka ja ƙarfen baya da babban yatsa kafin ka taɓa kunama. Ga baƙin albarushi mai hayaƙi, harbi uku a cikin ɗaki ka daina ganin abokin faɗanka. Irin ta Hickok ta 1865 ma ta fi wahala, kowane rami sai an zuba albarushi an danna dalma.

Ita fansa ta baya take zuwa. Shi wannan Hickok ɗin, ranar 2 ga Agusta 1876 yana zaune yana karta a wata mashaya a Deadwood, garin masu haƙar zinariya, bayansa na kallon ƙofa, Jack McCall ya harbe shi a ƙeya. An ce kwana ɗaya kafin nan McCall ya yi asara a teburin, Hickok ya ba shi kuɗin karin kumallo, ya ɗauki abin a matsayin wulaƙanci. Washegari mahaƙa suka kafa kotunsu a gidan wasan kwaikwayo, McCall ya ce fansar ɗan'uwansa ya ɗauka, aka sake shi. Bakinsa ne ya cuce shi. Ya je Wyoming yana fariya, aka cafke shi. Hukuma ta ce Deadwood tana cikin ƙasar da yarjejeniyar 1868 ta bar wa ƙabilar Lakota, don haka waccan kotu ba kotu ba ce. Aka sake shari'a a Yankton, aka rataye shi ranar 1 ga Maris 1877. A garin Tombstone na Arizona ma haka: Morgan Earp ta gilashin ƙofa aka harbe shi da dare a Maris 1882 yana buga biliyad, yayansa Wyatt ya tara mutane ya bi waɗanda yake zargi, daga ƙarshe shi kansa aka fitar da sammacin kama shi, ya bar Arizona.

Saura maganar "babu doka". Doka tana nan, nisa ne da tsada suka yi mata yawa. Tombstone da Dodge City suna da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari. Alƙali Isaac Parker na Fort Smith ya yanke wa mutum 160 hukuncin kisa tsakanin 1875 da 1896, an rataye 79. Inda kotu ba ta kai ba sai 'yan sa-kai, kuma nan ne na fi ƙin yarda da masu fim, don suna nuna su kamar talakawa ne da tura ta kai bango. Sau da yawa masu dukiya ne ke jan gaba. A Montana, farkon 1864, sun rataye mutum sama da ashirin cikin 'yan makonni, har da Henry Plummer, wanda shi ne zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan garin Bannack, ranar 10 ga Janairu, ba tare da shari'a a fili ba. Har yau masana tarihi na jayayya ko shi ne shugaban 'yan fashin. A Wyoming kuma, Yuli 1889, manyan masu shanu suka rataye Ella Watson da James Averell da sunan satar shanu, alhali rikicin fili da ruwa ne a tsakaninsu. An kama mutum shida, shaidu suka mutu ko suka ɓace kafin zaman kotu, aka sallame su duka.