Guzurin Umara: dala za ka riƙe ko riyal?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka cewa za ka kai mahaifiyarka Umara na mako biyu, kana son sanin ko dala za ka saya ko riyal, ko katin banki ya wadatar, da kuma abin da mutum ke kashewa a yini. Allah ya saka maka da alheri, ya ba Hajiya lafiyar yin ibada. Sau uku na je, na ƙarshen da tawa mahaifiyar, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Ni dala nake riƙewa. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dalar Amurka a kan riyal 3.75, kuma har yau haka yake. Dala 100 riyal 375 ce, 'yan canjin can da ake kira sarraf sukan rage riyal ɗaya zuwa uku kawai. To ka ga ba a Makka ake yin asarar canji ba, a nan gida ake yin ta, ranar da ka mayar da naira dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka kada ka bari sai ana gobe tafiya ka ruga kasuwar canji ta Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja a gigice. Ka riƙa saye kaɗan-kaɗan, wurin mutumin da ka sani ko wanda wani amintacce ya haɗa ku. Riyal a nan yakan yi tsada idan azumi ko aikin Hajji ya gabato, don kowa shi yake nema. Ka raba farashin dala da 3.75, in na riyal ya ɗara abin da ka samu sosai, dala ta fi maka. Duk da haka ka samu kamar riyal 200 'yan ƙanana, biyar-biyar da goma-goma, saboda ranar sauka. Canjin filin jirgi ba ya da daɗi, kuma da tsohuwa a hannunka ba ka da lokacin bin layi.

Ka duba takardun da za a ba ka ɗaya bayan ɗaya. A tafiyata ta farko an haɗa mini da tsofaffin dala ɗari-ɗari masu ƙaramin kai guda huɗu, ban lura ba. Shago uku a Madina suka ƙi karɓa, na huɗun ya karɓa da ragi mai ciwo. Ka nemi sabbin nan masu shuɗin zare da aka fitar a 2013, marasa yagewa, marasa tambarin 'yan canji ko rubutun biro. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke cikin wannan zaure kuwa, yuro ya fi muku sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da shi, yuro ɗaya sefa 655.957.

Naira kam kada ka dogara da ita. Za ka samu Hausawa mazauna can, musamman wajen Misfala da Shara Mansur, da za ka tura musu naira ta waya su ba ka riyal. Yana fitar da mutum kunya ranar da guzuri ya yanke, amma farashinsu ya fi tsada, kuma ba harka ce mai lasisi ba. In an cuce ka ba ka da inda za ka kai ƙara.

Maganar kati: bankuna da yawa sun hana amfani da katin naira a waje tun 2022, wasu suka dawo da shi a 2025 da ƙayyadadden adadi. Ka je bankinka da ƙafarka ka tambayi iyakar da suka sa da kuma farashin da suke yanka. In kana da asusun dala da katinsa, ya fi. Saudiyya yanzu kusan kowane shago na karɓar kati, amma ni a matsayin madogara ta biyu nake ɗaukarsa. Idan na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, ka zaɓi riyal.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Mutane kan ɓata kwanaki suna jayayya a kan naira biyar a farashin dala, alhali abin da ke cinye guzuri daban ne. Na farko nisan masauki. Ejan zai nuna maka otal mai sauƙi a Aziziyya ko Kudai, ya ce akwai motar kyauta zuwa Harami. Kai kaɗai za ka iya, amma Hajiya ba za ta iya kokawar shiga bas bayan kowace salla ba, dole ku koma tasi. Masu tasi kuwa da an sallame Isha'i sai kuɗi ya ninka, wanda ka biya riyal 15 da hantsi a ce maka 40 ko 50. Da na yi lissafi bayan mun dawo, abin da tasi ta ci a kwana bakwai ya kusa cike bambancin da ke tsakaninmu da masauki na kusa a titin Ibrahim Khalil, ga wahalar da mahaifiyata ta sha a banza. Wannan abin har yau yana damuna. Ka tambayi ejan mita nawa ne daga ƙofar otal zuwa harabar masallaci, kuma hanyar hawa ce ko shimfiɗe, don Makka gari ne mai tudu.

Na biyu keke. Ɗawafi bakwai da sa'ayi bakwai ba ƙaramin aiki ba ne ga mai shekaru, sa'ayin kaɗai ya kai wajen kilomita uku. Akwai kekunan da ake bayarwa kyauta in kai za ka tura ta da kanka, akwai masu turawa da kuɗi, akwai kuma masu lantarki na haya. In ka ɗauki mai turawa, ku gama ciniki kafin ta zauna, ka tabbatar kuɗin na ɗawafi da sa'ayi ne duka.

Na uku tsaraba, kuma ita ce babba. Yawancinmu Madina muke fara sauka, kuɗi na nan cike, ga dabinon Ajwa, ga dardumai, ga jallabiyoyi da turare. Kafin a isa Makka rabin guzuri ya tafi. Hajiya tana da jikoki da maƙwabta a zuciyarta, ba za ka hana ta ba, bai ma kamata ka hana ta ba. Abin da na yi shi ne tun daga gida muka zauna muka rubuta sunaye, na ware kuɗin tsaraba a ambulan daban na damƙa mata, na ce wannan nata ne. Dabino kawai muka saya a Madina, sauran sai kwana biyun ƙarshe. Ka tuna da awo, yawancin jirage jaka biyu ce mai kilo 23 kowacce, kuma kuɗin kilon da ya ƙaru yakan fi abin da ke cikin jakar daraja.

Abinci ba shi da tsada in ba a ginin agogo kuke ci ba. Shinkafa da rabin kaza a ƙananan gidajen abinci ta ishe ku ku biyu, kuma babban kantin Bin Dawood na nan don burodi, madara da 'ya'yan itace. A zuwana na ƙarshe riyal 100 zuwa 130 a yini ta riƙe mu mu biyu, har da 'yar tasi. Ka sani akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kaya tun 2020. Layin waya ka sayi guda ɗaya na STC, Mobily ko Zain da fasfonka. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk kyauta ne, kada ka ba kowa ko sisi. Jirgin ƙasan Haramain tsakanin Madina da Makka kamar awa biyu da rabi ne, ya fi mota tsada, amma ga Hajiya ya cancanci kuɗinsa in ka yanki tikiti da wuri.

Kada ka canza dalarka gaba ɗaya, ɗari-ɗari ya isa. Na kashewar yini a aljihu, sauran a lalita ko akwatin ajiyar otal, wani kason a wurin Hajiya ko da za ku rabu a cikin cunkoso, tare da katin otal. Ka ware dala 200 da ba za a taɓa ba sai rashin lafiya ko jinkirin jirgi. In kuɗin hannunka ya haura dala 10,000 ka bayyana wa kwastan a nan, a Saudiyya kuma iyakar riyal 60,000 ce.

Ka faɗo mana watan da za ku tashi da unguwar da ejan ya ce zai sauke ku, don lissafin Rajab daban, na goman ƙarshen azumi daban.