Za a iya sa Linux a tsohuwar PS3?

Malam, ka tambaya ko za ka iya ɗora Linux, wato manhajar tafiyar da kwamfuta irin su Windows, a na'urar wasanka ta PlayStation 3 (PS3) ta zama kwamfutar aiki. Ana iyawa, amma fara duba wacce ce a hannunka. Ta farko, mai ƙibar nan, ta zo da wani zaɓi mai suna OtherOS wanda Sony da kanta ta sa, mutane suna ɗora wani nau'in Linux mai suna Yellow Dog a kai. Siririyar da ta fito a 2009 ba ta da shi, kuma a Afrilun 2010 sabuntawar manhajar na'urar mai lamba 3.21 ta cire shi har daga masu ƙibar. Yanzu, in siririyar ce ko mai ƙibar da aka sabunta, sai dai ka yi wa na'urar kutse, wanda zai iya jawo a rufe maka asusunka na PSN, dandalin PlayStation na intanet.

Ko ta hau, kada ka sa rai da yawa. Ƙwaƙwalwarta ta aiki (RAM) megabait 256 ce kacal. Ka buɗe shafuka kaɗan a intanet sai ta fara jan ƙafa. Gwanintarta lissafi ne, saboda injin sarrafa bayanai mai suna Cell da ke cikinta; shi ya sa sojan saman Amurka suka haɗa guda 1,760 a 2010 suka yi babbar kwamfuta. In koyo kake so, bismillah. In rubutu da bincike ne, tsohuwar laftop ta fi ta nesa ba kusa ba.