Iskar na'urar ɗumama gida ba ta da zafi: in rage gudun fanka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, kuma wannan ne lokacin sanyi na farko da muka yi a gidan da muka tare. Na'urar gidan irin wadda ake kira hit-fam ce, ita ke sanyaya gida da bazara, ita ke ɗumama shi da sanyi. Amma idan na kara hannu a bakin da iska ke fitowa, ɗumi-ɗumi kawai nake ji, wani lokacin ma sanyi. Wani abokina ya ce in buɗe akwatin in rage gudun fankar, iskar za ta yi zafi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, amma rabin da ya bari shi ne mai cin kuɗi. Idan an rage gudun fanka iskar za ta ƙara zafi a hannu, sai dai zafin da ke shiga gidan gaba ɗaya ba zai ƙaru ba, raguwa ma zai yi, na'urar kuma ta jigata.

Wannan na'ura ba wuta take hurawa ba. Aikinta irin na firji ne da aka juya: tana ɗebo ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana sanyi, ta shigo da shi ɗaka. Shi ya sa iskarta kan tsaya tsakanin digiri 32 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyas, alhali iskar murhun gas na ɗumama gida da wataƙila ka saba da shi takan kai 50 zuwa 60. Zafin jikin mutum 37 ne, don haka iskar digiri 33 mai gudu in ta bugi fata sai a ji kamar sanyi, alhali ta fi ɗakin ɗumi da fiye da digiri 10. Ka daina aunawa da hannu. Ka duba tamostat ɗin bango, wato abin da ake saita zafin gida da shi: idan ka saita 21 kuma gidan yana kaiwa 21, lafiyarta ƙalau.

Sai ka duba wajen da aka rubuta Fan a tamostat ɗin, ko a manhajarsa ta waya in mai intanet ne. Idan yana kan On, fankar ba ta hutawa, tana ta zagaya iska ko da kwamfaresa, wato injin da ke tura gas a bututan na'urar, ta tsaya, wannan ne sanyin da kake ji jefi-jefi. Mayar da shi Auto. Akwai kuma lokacin da ƙanƙara ke kama ɓangaren na'urar da ke waje, sai ta juya aikinta na 'yan mintuna ta narkar da ita. Za ka ga tururi na tashi a waje, iskar ciki ta ɗan yi sanyi. Kada hankalinka ya tashi, haka aka ƙera ta.

Yanzu ga batun gudun fankar kansa, kuma a nan nake so ka natsu. Masu wannan sana'a a Amurka suna auna yawan iskar da ke wucewa cikin minti ɗaya da ma'aunin CFM, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kimanin CFM 400 ga kowane tan ɗaya na ƙarfin na'ura. Tan ɗaya shi ne BTU (ma'aunin zafi) 12,000 a awa, wato kusan kilowat 3.5. Ke nan na'ura mai tan 3 tana neman kimanin CFM 1,200. Inda laima ta yi yawa akan sauke shi zuwa 350 lokacin sanyayawa domin ya fi tsotse danshi, ba a cika yin ƙasa da haka ba. Idan iska ta gaza lokacin ɗumamawa, zafin ba ya samun mai kwashe shi, matsin gas ya hau, na'urar ta riƙa kashe kanta, kwamfaresa kuma tana tsufa tun ba ta kai ba. Idan bazara ta zo da wannan saitin, sai ƙanƙara ta lulluɓe bututan ciki, ruwa ya zubo.

A tsofaffin na'urori ana canza gudu ne ta sauya wayar da aka jona wa motar fanka. A sababbi akwai 'yan ƙananan makunnai jere a kan allon lantarki, kowane kamfani da irin tsarinsa a littafin na'urar. Ban ba ka shawarar sa hannu a ciki ba: wuta ce mai ƙarfin bolt 240, kuma akwai kafasita mai riƙe caji ko bayan an kashe wuta. Mai gyara zai zo da na'urar auna matsin iska kafin ya taɓa komai. In gidan haya ne, mai gidan za ka kira.

Abin da ke hannunka shi ne filta, wato matacin da ke tace ƙura daga iska. Zaro ta ka ɗaga saitin fitila, in haske ba ya ratsawa ta gama aiki. A canza ta duk wata 1 zuwa 3, a kuma lura kibiyar da ke jikinta ta kalli wajen fanka. Kada ka rufe bakin iska na ɗakunan da ba kowa da sunan tattali, kada kuma kujera ko labule su tare inda iska ke komawa. Sannan ka guji ɗaga tamostat da digiri 4 ko 5 lokaci guda, domin hakan na tayar da hita ta ko-ta-kwana, wadda ke shan wuta ninki biyu zuwa uku kafin ta ba da ɗumi ɗaya da na'urar ke bayarwa.

Tambaya: Malam, ni a Kano nake, ina amfani da AC mai HP 1.5 a kan sola. Idan na sa fankarta a Low zan rage wa batir nauyi?

Amsa: Hajiya, abin da za ki rage bai taka kara ya karya ba. Fankar cikin ɗaki 'yan gomomin wat kawai take ci, kwamfaresar waje ce mai cin wajen wat 1,000. Inda tattalin yake shi ne lambar da kika saita. Ki bar ta a 25 ko 26 maimakon 16, ki sa fankar a Auto ko High, ki haɗa da fankar sama in akwai. A zafin Kano na watan Afrilu iska a bushe take, don haka gudu sosai shi ya fi kai sanyi lungu-lungu. Sai damina ta sauka, ɗaki ya yi laima, sannan Low ko Dry ke da amfani, saboda iska mai tafiya a hankali ta fi barin danshinta a jikin bututan. Ki kuma saita fukafukan su harba iska miƙe ta saman ɗaki, domin sanyi da kansa yake saukowa.

Ina roƙonki kada ki manta da ragar da ke bayan murfi. Bayan hunturu nakan buɗe AC in tarar da jar ƙura ta kwanta a kanta kamar bargo, mai ita kuma yana shirin kiran a ƙara gas. Ki zare ta duk mako biyu, ki wanke da ruwa, ki shanya a inuwa, sai ta bushe sarai ki mayar.

Tambaya: Rimot ɗin AC ɗina ya ɓata, ta tsaya a Low. Waya za ta iya canzawa?

Amsa: Za ta iya idan tana da ɗan idon infared a samanta, kamar yawancin wayoyin Redmi da ke zuwa da manhajar Mi Remote. Ka buɗe manhajar, ka zaɓi AC da sunan kamfaninta, ka nuna wayar saitinta kana gwadawa har sai ta yi ƙara. In wayarka ba ta da idon, babu manhajar da za ta sa mata shi. Ka nemi rimot mai aiki da kowace AC wajen masu sayar da kayan wuta, ka tafi da hoton lambar na'urar da ke manne a gefenta.