Karatun shirya taro da buki: me ake koyo a jami'a?

Malam, ka tambaya ko shirya bukukuwa na buƙatar shiga jami'a. Ba dole ba ne, amma karatun na taimakawa in babban taro kake nufi, irin kokowar gargajiya ta neman takobi idan ta zagayo Maradi. Bayan bak (jarrabawar kammala sakandare), lisansi, wato digirin farko, shekara 3 ce. Nemi fannin gudanarwa, sadarwa ko yawon buɗe ido.

Kasafin kuɗi za ka fi shan wuya a kai. Ware kashi 10 cikin 100 don abin da ba a zata ba. Nemi izinin magajin gari da jami'an tsaro tun da wuri. Janareta biyu, domin wuta na ɗaukewa lasifika ta mutu, jama'a su rikice. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, saboda turereniya. Kada ka kafa rumfa a fili cikin Agusta, ruwa da iska za su kwashe ta. Lokacin hutu, bi masu hayar kujeru da rumfuna ka koyi farashi.